Hitar kwaminmu da shagon da ya gyara mata fanel a Jos

Duk mai kwamin ninƙaya a Jos ya san cewa daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, in babu hita, babu mai shiga ruwa. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma in hunturu ya kankama ruwan kwami yakan sauka ƙasa da digiri 20. Baƙo zai zo da tawul a kafaɗa, ya tsoma ƙafa ɗaya, ya juya ɗaki. Ni ne manajan wani ƙaramin masaukin baƙi a Rayfield, kuma Disamba ne lokacin da muka fi cika, saboda masu hutun ƙarshen shekara da masu biki. A daidai wannan lokacin hitarmu ta fara ciwo. Wannan bayani ne a kan shagon da ya gyara ta, abin da suka yi da kyau da abin da har yanzu nake ƙorafi a kai, don na san akwai masu otal da masu gidaje da ke shirin zuba kuɗi a sabon fanel, wato allon lantarkin da ke sarrafa hita, ba tare da an auna tsohon ba.

Hitar tamu irin wadda ke jan zafi daga iska ce ta zuba shi cikin ruwa. A waje take, tana da fanka babba, da kwamfuresa da gas irin na na'urar sanyaya ɗaki, sai dai ita ɗumamawa take yi. Tana shan wuta kimanin kilowat 3.5, tana ba da zafi har kilowat 17 in iska na da ɗumi. Kwamin yana cin lita 50,000. Ɗaga zafin lita 1,000 da digiri ɗaya yana buƙatar kilowat-awa 1.16, ke nan kowane digiri ɗaya a kwaminmu aikin sama da awa uku ne, ban da abin da iskar dare ke kwashewa. Shi ya sa in hita ta riƙa mutuwa tana tashi, ba a jimawa ruwan ya koma yadda yake.

Ciwon nata iri uku ne, kuma ba sa zuwa tare. Wani lokaci ta rubuta lambar da littafinta ya ce tana nufin ruwa ba ya gudana, alhali injin tura ruwa yana ta aiki. Wani lokaci fuskarta ta nuna zafin ruwa digiri 41, ka taɓa ruwan ka ji shi kamar na randa, ita kuwa ta yi shiru tunda a ganinta ta wuce digiri 28 da aka saita mata. Na ukun ya fi tayar da hankali: fanka ta tashi, a jira minti ukun nan da take jira, da kwamfuresa ta yunƙura sai a ji ƙas-ƙas-ƙas daga cikin akwati, fuskar ta ɗauke, komai ya tsaya, ta sake kunna kanta daga farko.

Waɗanda suka sayar mana da ita, ta waya kawai suka saurare ni, suka ce fanel ne ya tafi, sai an yi odar sabo daga waje, a biya tukuna a jira makonni. Wani mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki da ke mana aiki ya ce gas ne ya ƙare, bai ko ɗora ma'auni ba. Wani abokina mai gidan burodi ne ya haɗa ni da wannan shagon, ya ce su suka gyara masa fanel ɗin tanda. Ƙaramin shago ne a cikin gari, mutum ɗaya da yaransa biyu, aikinsu fanel na inbata da janareta da injin wanki da makamantansu. Kowa Injiniya yake ce masa, ni ma haka zan kira shi a nan.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai taɓa sukudireba ba sai da ya gama tambaya. Yaushe ta fara? Da wutar gari take yi ko da janareta, ko duka? Da safe ta fi yi ko da yamma? Yaushe aka wanke matacin yashi? An yi tsawa mai ƙarfi a daminar da ta wuce? Ya sa aka kira yaron da ke kula da kwamin, ya ce shi ya fi ni sani, kuma gaskiyarsa ce, domin yaron ne ya ce ɗaukewar ta fi yawa bayan magariba. Ya nemi littafin na'urar, ya ce lambobin kuskure ba ɗaya suke ba daga kamfani zuwa kamfani, lambar da ke nufin sensa, wato ɗan abin da ke auna zafi, a wannan tana iya nufin matsin gas a waccan, don haka ba ya aiki da abin da ya haddace. Da ya buɗe murfi ya sami zanen wayoyi manne a ciki, ya ɗauki hotonsa, ya ɗauki hoton kowane soket a kan fanel kafin ya zare ko ɗaya.

Ya kashe bureka, ya sa mita ya tabbatar babu wuta, sannan ya sauke cajin babbar kafasitar kwamfuresa. Ya ce wa yaronsa, a gabana, kafasita tana riƙe wuta bayan an kashe komai, kuma a hitoci na zamani masu inbata akwai wurin da ke riƙe sama da bolt 300 na ɗan lokaci. Na faɗi wannan ne don kada wani ya karanta bayanin nan ya ce zai buɗe tasa. Wuta ce da ruwa a wuri ɗaya, kuma mutane ne ke shiga ruwan.

Daga ruwa ya fara. Na yi mamaki, na ce, "Injiniya, ai fanel aka ce." Ya ce, "Yallaɓai, fanel ɗan aike ne, abin da aka gaya masa yake maimaitawa. Bari mu ji masu gaya masa tukuna." Ya duba agogon matsi da ke kan matacin yashi, ya ga allura ta haura, ya sa aka yi masa wankin baya, wato a tura ruwa ta baya ya kwashe dattin, har ruwa ya fito garau. Ƙurar hunturu tana toshe matacin da sauri, in ya toshe ruwan da ke isa hita sai ya ragu. Ya duba bawul ɗin da ke raba ruwa tsakanin hita da hanyar kewaye, ya ɗan rage na kewayen. Sannan ya kwance makunnin da ke shaida wa fanel cewa ruwa na gudana. Wani ɗan harshen roba ne a cikin bututu, da maganaɗisu a jikinsa. In ruwa ya tura shi sai ya haɗa wayoyi biyu. Namu ya cika da yashi da wani farin abu da ya daskare a gindinsa, yana motsi da ƙyar. Ya ɗora mita a wayoyin, yana tura harshen da yatsa: wani lokaci mita ta yi ƙara, wani lokaci shiru. Ga ciwo na farko, kuma ko kusa da fanel bai je ba.

A nan ne na yanke shawarar mutumin nan zan riƙe. Don ya tabbatar, ya haɗe wayoyin biyu na ɗan lokaci, lambar kuskuren ta ɓace, nan take ya raba su. Yaronmu ya ce ai sai a bar su haɗe, an huta. Injiniya ya ƙi. Ya ce in aka bar su haka, ranar da injin tura ruwa ya tsaya hita za ta ci gaba da zuba zafi cikin bututun da ruwa ba ya tafiya, daga nan sai narkewar roba ko mutuwar kwamfuresa, wadda ita ce mafi tsada a jikin na'urar. Ya wanke na ciki ya mayar don a lallaɓa, ya ce a nemo sabo. Na san masu gyara da yawa da za su haɗe wayar nan su naɗe da salatif su karɓi kuɗinsu, kuma ba za ka sani ba sai ɓarna ta faru.

Sai batun digiri 41. Sensar zafin ruwa wani ɗan ƙarfe ne kamar guntun fensir a bakin waya, yana zaune cikin rami a jikin bututun shiga. Ba ya aika lamba. Juriyarsa ga wuta ce ke sauyawa, tana raguwa in ya ji zafi, tana ƙaruwa in ya ji sanyi, fanel kuma ya lissafa. Littafin ya nuna tamu mai juriyar om 10,000 ce a digiri 25. Injiniya ya tsoma ma'aunin zafi na hannu a kwami, ya nuna 17. Ya ce to ya kamata mita ta ba mu wajen om 14,000. Ya zare sensar daga fanel ya auna: dubu biyar da 'yan kai, tana hawa tana sauka. Wannan adadin kuwa shi ne na ruwa mai zafin digiri 40 zuwa 41. Ke nan fanel ɗin daidai yake lissafi. Da ya zaro sensar ya nuna mini inda robar bakinta ta tsage, danshi ya shiga ya samar wa wuta gajeriyar hanya. Ya ciro wata 'yar resisto mai om 10,000, wato abin da juriyarsa ba ta sauyawa da zafi, daga aljihun jakarsa ya soka a gurbin sensar, ya kunna, fuska ta nuna 25 cif. Ban taɓa ganin an wanke wani abu daga zargi a fili haka ba.

Ya auna sauran sensocin ma, ta iska da ta jikin ƙarafunan da fanka ke hurawa, suna lafiya, ya bar su. Ya kuma ja kunnena kan saye: akwai sensa mai om 5,000 da ta yi kama da tamu sak, in aka sa ta a gurbin mai 10,000 hita za ta riƙa ganin zafin da babu. Duk wanda zai saya ya tafi da mita kasuwa.

Ciwo na uku shi ne na fanel da gaske, kuma ya ce ba zai gan shi da rana ba, sai ya dawo da magariba. Ya dawo. Wutar gari a bakin hita ta sauko wajen bolt 190 maimakon 230, lokacin da kowane ɗaki ya kunna hitar wanka. Ya maƙala mita a inda fanel ke samun bolt 12 nasa bayan ƙaramar taransifoma, muka tsaya muna kallo. Fanka ta tashi, lamba ta ɗan sauka. Da rile, wato ɗan makunnin da fanel ke kunnawa da kansa, ya ja don tada kwamfuresa, sai lambar ta faɗo ƙasa da bakwai, fuska ta ɗauke. Ya bayyana mini cewa ƙwaƙwalwar fanel da bolt 5 take aiki, kuma ɗan abin da ke samar mata da biyar ɗin, mai lamba 7805, yana buƙatar wajen bakwai a bakinsa. In bai samu ba ƙwaƙwalwa ta mutu ta farfaɗo, ta saki rile, rile ya saki kontakta, wato babban makunnin da ke ba kwamfuresa wuta. Ƙas-ƙas ɗin da muke ji kontakta ce ke kamawa tana saki. Ya ce lafiyayyen fanel ya kamata ya jure wannan saukar, tunda bai jure ba akwai abin da ya gaji a cikinsa.

Ya cire shi ya haska da tocilan. Ko ni da ba aikina ba na ga abubuwa. Wata kafasita mai kamar ƙaramin gwangwani kanta ya kumbura, ga busasshen ruwa ruwan ƙasa a gindinta. Wani faifai shuɗi kusa da fis, wanda ya ce shi ke shanye wutar da ta yi tsalle, ya tsage gefensa ya yi baƙi. Ƙafafun soket biyu sun yi kore. A bayan allon kuma ga kashin tsaka da ɓawon ƙwanta, ta sami wuri mai ɗumi ta tare.

Na bi shi shago washegari don ina son ganin abin da za a yi wa kayanmu, bai hana ni ba. Tebur ne dogo, fitila mai gilashin ƙara girma, ƙarfen narka dalma, da akwatunan robobi cike da ƙananan kaya, kowanne da rubutu. Ya zare kafasitar ya auna. An rubuta 1,000 a jikinta, mita ta ba da ƙasa da 200. Ya sa sabuwa mai jure zafin digiri 105, ya ce masu 85 sun fi araha amma ba sa daɗewa a akwatin da rana ke duka. Ya sauya sauran ƙananan kafasitocin da ke layin wuta tunda sa'o'in juna ne. Ya sauya faifan nan shuɗi da irinsa mai lamba 471. A ƙarƙashin gilashi ya nuna mini ƙafar rile ɗin kwamfuresa: wani siririn zobe ya kewaye dalmar, tsaga ce da jijjiga da zafi suka yi, in ya taɓa rile ɗin sai ka ga ƙafar tana motsi a raminta. Ya tsotse tsohuwar dalma ya zuba sabuwa, ya sauya rile ɗin ɗungurungum domin bakinsa ya ci wuta. Ya goge koren nan da burushi da sifirit, ya bi layukan tagulla ɗaya bayan ɗaya da mita, ya sami guda da tsatsa ta kusa cinyewa ya yi masa gada da siririyar waya.

Gwajin da ya yi kafin ya mayar da shi ya fi komai kwantar mini da hankali. Ya soka resistoci a gurbin sensoci, ya haɗe gurbin makunnan kariya, ya ɗaura ƙwan fitila a gurbin fanka, wani a gurbin kontakta. Ya ba fanel wuta ta wata taransifoma mai abin murɗawa. Ƙwan fanka ya kama, muka jira minti uku, na kwamfuresa ya kama. Sai ya riƙa murɗa wutar ƙasa a hankali, 220, 200, 185, fuska ba ta ƙifta ba. Ya zare resistar sensar ruwa, nan da nan lambar kuskure ta fito, ƙwan ya mutu. Ya raba wayar makunnin ruwa, haka. Wato ya tabbatar fanel ɗin yana tashi, ya kuma tabbatar yana tsayawa in ya kamata ya tsaya. Bayan nan ya fesa masa wani ruwa mai bushewa kamar banish don danshi, ya rufe bakin soket da salatif kafin ya fesa.

A wurinmu ya sauya kontakta, domin kamawa da sakin nan sun ƙona bakinta ya yi ramuka. Babbar kafasitar kwamfuresa kuwa ya auna ta, tana cikin abin da aka rubuta a jikinta, ya mayar. Da ya ce ta mutu da na biya ban yi musu ba. Ya ɗora ma'aunin gas, matsi daidai, ya auna wutar da kwamfuresa ke ja ya gwada da abin da ke rubuce a allon jikin na'urar. Ya sa ma'aunin zafi a ruwan shiga da na fita, ya daidaita bawul har bambancinsu ya tsaya wajen digiri 2. Duk tsofaffin kayan da ya cire ya zuba su a leda ya miƙo mini.

Bai tsaya a gyara ba, ya zaga ya nuna mini abin da ya kawo ciwon. Tun da aka gina wurin, rumfa ɗaya ce ta rufe hita da inda ake ajiye bokitan kulorin da jarkokin asid. Fankar hita tana jan iska mai yawa, duk tururin da ke tashi daga bokitan nan ta jikinta yake bi, shi ya cinye tagulla ya bar kore. Ya ce a raba su, kuma kulorin da asid ma kada su zauna kusa da juna, domin in suka haɗu iskar da ke fita guba ce. Ya duba inda ake zuba magani a layin ruwa, ya tabbatar bayan hita yake, ba gabanta ba. Ya ce a riƙe ma'aunin tsamin ruwa tsakanin 7.2 da 7.6, farin abin da ya daskare a harshen makunnin nan alama ce ta cewa yana haurawa. Ya toshe ramukan shigar waya don tsaka da zanzaro.

Kan wuta ya ba da shawara uku, muka yi duka. Na'urar da ke yanke wuta in ta sauka ko ta haura iyaka, ta kuma jira kafin ta mayar, saboda lokacin sauyawa daga wutar gari zuwa janareta. Abin kare tsallen wuta a babban akwatin rabon wuta, saboda tsawar daminar Jos, wadda yake zargin ita ta tsaga faifan nan. Da kuma bureka mai jin yoyon wuta ta miliamfiya 30 a layin kwami, domin ya danna maɓallin gwajin wadda muke da ita bai ji ta faɗi ba. Wannan na ƙarshen ya fi komai girgiza ni, don ba shi da alaƙa da ɗumin ruwa, ran mutane ne. Ya bi wayar ƙasa har sandar da aka kafa, ya sami maɗaurin ya yi tsatsa, ya kankare ya ɗaure. Ya ce aikin babban akwati na mai wayarin ne, ba nasa ba, ya rubuta abin da za a saya muka kira namu.

Akwai abin da ya koya wa yaronmu da ya rage mini kiran waya da asuba. In iska ta yi sanyi sosai, wajen digiri 10 ko ƙasa, ƙarafunan bayan hita sukan yi ƙanƙara, sai ta tsayar da fanka ta juya aikinta ta narkar da ita, har ka ga tururi na tashi, ruwa na zuba ƙasa. Wannan ba lalacewa ba ce. Ya ce a fi kunna ta daga hantsi zuwa la'asar lokacin da iska ke da ɗumi kuma wuta ta fi ƙarfi, da dare a rufe kwami da murfinsa, domin yawancin zafin ta saman ruwa yake gudu.

To, ga inda ban ji daɗi ba. Alƙawarin lokaci ba ya cikin abin da shagon nan ya iya. In ya ce ƙarfe goma, ka sa ran azahar, kuma ba zai kira ya ce ya makara ba. In yana kan tebur ba ya ɗaga waya, yaran kuma ba su da ikon ba da amsa, sai "Oga yana aiki". Ga mai masauki da baƙi ke tambayarsa kowace safiya ko ruwa ya yi ɗumi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sabon makunnin ruwa ba ya cikin kayansa, sai da aka aiko daga kasuwar Alaba a Legas, na farkon da ya iso zaren bakinsa bai dace da bututunmu ba, aka mayar. Da ya auna zaren ya aika hoto tun farko da ba a yi wannan ba. Rasit ɗin da ya ba ni layi ɗaya ne, "gyaran fanel", sai da na matsa ya zauna ya jera kayan da ya sauya da kuɗin kowanne, alhali ni ma akwai mai wurin da zan yi wa bayani. Garanti kuma da baki ya bayar, wata uku, ya ce ban da tsawa. Na yarda da maganarsa, amma aikin da ya kai wannan kyau ya cancanci takarda. Yaransa sun bar guntayen waya da ɓawonta a bakin kwami, inda mutane ke tafiya ba takalmi, sai da muka share.

Yana karɓar kuɗin dubawa kafin ya fara, ko an yi gyara ko ba a yi ba. Na ji wasu na ƙorafi a kan haka, ni ban ga laifinsa ba. Wanda ba a biya shi kuɗin aunawa ba, dole ya nemi abin da zai sayar maka. Duka abin da muka ba shi, da kaya da aiki da kontakta da sensa da makunni, bai kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da aka yanka mana na sabon fanel ba. Kuma da mun sayi sabon, da mun ɗaura shi a kan sensa mai tsaga da makunni mai yashi, ciwo biyu cikin uku suna nan, ga tururin kulorin yana jiransa.

Yana da iyaka, kuma shi da kansa ya faɗa tun kafin ya ɗauki fanel ɗin. In ƙwaƙwalwar ce ta ƙone, ba abin da zai iya, domin manhajar da ke cikinta a kulle take, ko ya sami irinta a kasuwa fanko ce. A nan sai sabon fanel daga masu na'urar. Allon da wuta ta ci har ya zama gawayi ba ya karɓa, ya ce gawayin kansa yana wuce da wuta. Hitoci masu inbata yana duba su, amma ya ce in babban abin da ke tuƙa kwamfuresa ya fashe, sau da yawa ya tafi da maƙwabtansa, sai ya ga allon kafin ya yi alƙawari. Hita mai ƙona gas kuwa, zai iya duba fanel ɗinta a tebur, amma ba ya taɓa bawul ɗin gas ko bututun hayaƙi. Wadda take cikin garantin kamfani ma ya ce a fara komawa wurinsu, domin da zarar dalma ta taɓa allon sun zare hannunsu.

In za ka kira shi, ko wani irinsa, ka tanadi littafin na'urar, ka ɗauki hoton lambar da fuska ke nunawa duk lokacin da ta fito, ka rubuta ƙarfe nawa ne kuma wace wuta ake kai. Ka sa a wanke matacin yashi kafin ya zo. Ka ce a auna sensa a gabanka a gwada da zafin ruwa na gaskiya. Kuma ka kira shi tun Oktoba, da ɗaukewar ruwan sama, domin a Disamba teburinsa cike yake da fanel ɗin inbata da na hitocin wanka, jiran kuma ya fi wanda na ba da labari.

Hitar ta ƙarasa hunturun tana riƙe da ruwa a 27 zuwa 28, ta shiga damina. Na'urar yanke wutar tana yawan tsayar da ita da magariba in wuta ta sauka, wannan kuma aikinta ke nan, mun mayar da lokacin ɗumamawa rana. Mun yi da shi zai riƙa zuwa kafin kowane hunturu ya buɗe akwatin ya hure ƙura, ya auna sensoci da kafasitoci, ya danna burekar yoyon wuta. Na ce masa wannan karon da takarda za mu yi, da kwanan wata da sa hannu, ya ce to.